Batir Biyun da Na Kai Tungan Maje

Sadik, kai ne ka tambaye ni ranar sunan ɗanka abin da ya sa dangin uwarku na Tungan Maje suke ce mini Mai Batir, alhali a Garki kun taso kuna jin ana kirana Injiniya. Na ce maka wasa ne irin na surukai. Ban yi ƙarya ba, amma ko rabin zancen ban ba ka ba. Kuma na lura labarin da ke yawo a tsakaninku shi ne wai ni na je na gano ɓarawon wuta a gidan kakarku da ƙwarewata. To, ku zauna ku ji yadda aka yi, tun ina da bakin faɗa, kafin uwarku ta ba ku nata da ƙarin gishiri.

Da farko dai, ni ba injiniya ba ne, ban taɓa zama ba. Shekarun aikina duka a sito na yi su, a wata ma'aikata a Eriya Wan, ina karɓar kujeru da takardu ina fitarwa. Sunan ya samo asali ne daga fankar masallacin unguwarmu, wadda ta tsaya wata Juma'a ana tsananin zafi. Na hau tebur na matse wata waya da ta saki, fanka ta juya, liman ya ce Allah ya yi wa Injiniya albarka. Shi ke nan. Daga ranar duk wanda ƙwansa ya mutu ko soket ya yi baƙi sai a aiko mini. Ni kuwa na sayi sukundireba mai ɗan haske a gindi, na soke ta a aljihun gaba, ko gidan biki zan je tana nan. Ba wanda ya taɓa tambayata takarda, ni ma ban ga dalilin tayar da zancen ba. Sunan ya yi mini daɗi, gaskiya, ya fi mini daɗin sunan yanka.

Shekarar da na yi ritaya na ƙudurta zan sa wa kakarku sola. Ku da kuka san gidan yanzu da siminti ba za ku gane shi ba a lokacin. Sassa uku ne a tsakar gida ɗaya. Na Mama, wato kakarku, yana tsakiya. Na kawunku Bawa, yayan uwarku, yana bakin ƙofa. Can ƙurya, bayan rumbun doya, sashen Saratu ne, matar marigayi Markus ƙanin uwarku, ita da 'ya'yanta uku. Gida ne da ake sallar Azahar a wannan ɗaki ana waƙar coci a wancan, kuma ban taɓa jin an yi faɗa a kan wannan ba. Abin da ya kusa raba gidan, ni na ɗauko shi a bayan mota daga Garki.

Na je Gwarinpa wurin wani Alhaji ɗan Kano mai shagon kayan sola, na sayi farantin sola da batir ɗaya sabo dal. Muna ɗora kaya a mota na ce masa ina da wani tsohon batir a gida, zan haɗa su su zama biyu. Ya tsaya ya dube ni.

"Malam, kada ka haɗa sabo da tsoho. Ka ji na gaya maka."

"Alhaji," na ce, "kai saye da sayarwa ka iya. Aikin ka bar wa masu shi."

Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma kan bencinsa. Abin da bai sani ba shi ne, kawunku Bawa ya taɓa ba ni labarin wani maƙwabcinsu da surukinsa ya kawo masa batir biyu, kuma ya maimaita kalmar biyun nan har sau uku yana kallon sama. Ni Injiniya guda, mijin 'yarsu da ke zaune a Garki, in shiga garin da batir ɗaya tilo? Ina! Na dawo gida na jawo tsohon batirinmu daga ƙarƙashin matakala, wanda muka daina amfani da shi tun bara, na wanke shi da sabulu, na goge da tsumma da ɗan mai har sai da ya fi sabon ƙyalli. Uwarku ta fito da kwanon wanke-wanke ta same ni a kai.

"Baban Sadik, wannan ba shi ne ka ce ya mutu ba?"

"Bai mutu ba, gajiya ya yi. In ya samu abokin aiki zai farfaɗo."

"To, Allah ya sa," ta ce, ta wuce. Kun san irin wannan to ɗin nata.

Aikin ya ɗauke ni yini guda. Na ajiye batiran biyu gefe da gefe a ƙaramin ɗakin ajiya, na haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, na kawo su kan wani ƙarfe guda, daga nan na ja waya uku, kowane sashe da tasa. Waya mai kauri ta ishi sashen Mama da na Bawa, ta ƙare. Sashen Saratu kuwa da nisa, sai na ciro wata siririyar wayar lasifika da ta rage mini daga aikin masallaci na ja mata. Na ce ai waya waya ce. Da magariba aka kunna, gida ya yi fes. Yara suka yi ta tsalle, Mama ta sa aka yanka mini zakara, Bawa ya kira maƙwabta su zo su ga batir biyu. Na dawo Garki da doya cike da bayan mota, kaina ya yi girman da da ƙyar ya shiga ƙofa.

Ba a yi wata biyu ba kiran waya ya fara shigowa. Wuta ba ta daɗewa. Da farko tana kaiwa har a kwanta, daga baya kafin a gama cin tuwon dare ta ɗauke, Bawa yana tsakiyar kallon labarai. Na ce ƙura ce a kan faranti, aka goge. Na ce hadari ne, rana ta fito ƙwal, ba abin da ya canza. Sai zance ya juya. Saratu tana yin zoɓo da kunun aya tana kaiwa bakin titin Gwagwalada, kuma mata suna yawan shiga ɗakinta da wayoyi a hannu. Wani ya ce ta sayi firji ta ɓoye. Wata ta ce cajin waya take wa rabin unguwa. Bawa mutum ne mai kirki amma in ya hau ba ya sauka da wuri. Ya kira ni wata Talata, da irin Hausarsu ta koyo.

"Injiniya, ka zo ran Asabar ka yanke wayan Saratu. Ita ne yana shanye wutan. Na yi magana, na gaji."

A ranar Saratu ta kira uwarku tana kuka. Ta ce ƙwai ɗaya gare ta da cajar waya ɗaya, ƙwan ma ko allura ba ta iya zura wa zare a haskensa. Ta ce ta jure rashin miji a gidan nan, amma ba za ta jure a kira ta ɓarauniya a gaban 'ya'yanta ba. Ranar da aka yanke wayar, ranar za ta kwashe su ta koma garinsu, kuma garinsu ba kusa ba ne. Mama da ta ji haka ta daina cin abinci sosai, domin yaran nan uku su ne abin da Markus ya bar mata. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na yarda Saratu ce. Na yarda da sauri ma, domin in ba ita ba ce, to aikina ne.

Uwarku ce ta tura ni wurin Madam Ronke, Bayarabiyar nan ta saman benenmu da ke ba ku cin-cin kuna yara. Ta yi shekara da shekaru tana koyar da kimiyya a makarantar sakandare kafin ta yi ritaya, ni kuwa ban taɓa ɗaukar ta komai ba sai mai shanya zannuwa suna ɗiga a kan barandarmu. Na ce ba zan je ba. Uwarku ta ce to ita za ta je ta ba da labarin tun daga sabulu. Na sa hula na hau, na ce na zo aron mitar auna wuta ne. Madam ta sa ni na zauna, ta ba ni takarda da biro, ta ce in zana mata abin da na haɗa. Na zana. Ta daɗe tana kallo ta saman tabarau.

"Oga Sabi'u, wa ya ce maka an saci wuta?"

"Kowa ya ce. Tana ɓacewa."

"Wuta ba ya ɓacewa. Never. Kai ne ba ka bi shi ba."

Kwana uku na yi ina hawa benen nan da la'asar, ni da furfurata, tana koya mini abin da ta ce 'yan aji huɗu sun sani. Ta ce wutar batir hanya ɗaya take bi, ta fita ta jan kai ta zagaya ta dawo ta baƙi, kuma dokoki biyu ne kacal ke riƙe da ita. Ta farko ta mahaɗa ce. Duk inda wayoyi suka haɗu, yawan wutar da ta shiga shi ne yawan wadda ta fita, ba ragi ba ƙari. Ta ce in tuna shataletalen Eriya Wan: in mota tara suka shiga, shida suka fita ta hanyoyin da nake kallo, to ukun ba aljanu suka ɗauke ba, akwai hanyar da ban duba ba. Wannan da amfiya ake auna ta. Ta biyu ta zagaye ce. In ka tashi daga batir ka bi waya har ƙwai ka dawo, ƙarfin da batir ya bayar dole ya ƙare kaf a hanya, kowane abu ya ci rabonsa, har ita wayar tana ci. Wannan kuma da bolt. Ta sa ni lissafi har biro ya yi mini kanta a yatsa, in na kuskure ta ƙwanƙwasa tebur da cokali. Ranar Juma'a ta miƙo mini mitarta mai baki kamar ƙaguwa, wadda ake maƙala wa waya ba sai an yanke ba.

"Ka auna kowane waya da ya taɓa ƙarfen nan," ta ce. "Kowane ɗaya. Har wanda kana so."

Ban gane abin da take nufi da wannan na ƙarshen ba sai da na isa.

Ni da uwarku mun isa Tungan Maje ranar Asabar da hantsi. Abin da na fara gani daga ƙofa shi ne jakunkunan bakko uku a bakin ɗakin Saratu, a ɗaure, ita kuma tana zaune a kan turmi tana ninke rigunan makarantar yara, ba ta ko ɗago ba. Bawa ya tarye ni da filaya a hannu. Na ce ya dakata, aiki sai da bincike. Na sa kowa ya kunna duk abin da yake da shi, na shiga ɗakin ajiya ni kaɗai, na kashe layin faranti domin batiran kawai su yi aiki. Na maƙala mita a wayar sabon batir: tara take fita. Wayar Mama, biyu. Wayar Bawa, da talabijin da fanka, uku. Wayar Saratu, ɗaya. Na haɗa da yatsu, shida. Tara ta shiga, shida ta fita. Na sake aunawa, haka dai. Saura waya ɗaya da ta taɓa ƙarfen, wadda ban yi niyyar aunawa ba don a ganina ita mai bayarwa ce. Na maƙala. Uku. Amma alamar da ke gaban lambar ta juya, wato ba fita take ba, shiga take. Na ɗora tafin hannu a jikin tsohon batirina, na ji shi da ɗumi kamar an sauke tukunya. Wata biyu ke nan yana zaune yana ƙyalli yana shanye ɗan'uwansa dare da rana.

Na sha jinin jikina. Na zauna a kan buhun masara, gumi yana bin bayana. Kuma ba zan ɓoye muku ba, dabara ta zo mini nan take, mai kyau ma. Sifanar kwance noti tana aljihu. Minti biyu ya isa in kwance wayar tsohon batir in tura ta baya, in fito in ce wani noti ne ya saki, na ɗaure. Wuta za ta gyaru, batir biyu suna nan a idon maƙwabta, Injiniya yana nan da sunansa. Har na ciro sifanar. Sai na hango Saratu ta tagar, ta gama ninki tana ɗaure bakin jaka ta huɗu. Na ga cewa in wuta ta gyaru yau ba tare da an san dalili ba, kowa zai ce ta ji tsoro ne ta daina. Ko ta zauna ko ta tafi, sunan zai bi ta, ya bi yaran. Ban san tsawon zaman da na yi a kan buhun nan ba, amma na san na tsani batirin nan kamar in ɗauka in jefa a rijiya.

Na fito na ce a kira kowa. Aka kawo wa Mama kujera bakin ƙofar ɗakin ajiya, maƙwabta biyu da suka ji motsi suka leƙo, uwarku ta tsaya gefe ta harɗe hannu. Na ce wa Bawa ya kwance wayar Saratu da hannunsa. Ya kwance da murna. Na ce a kashe komai na sashen Mama da nasa, aka kashe. Na ba shi mita na nuna masa yadda zai maƙala a wayar sabon batir.

"Yaya Bawa, me ka gani?"

"Uku."

"Wayar Saratu tana ina?"

"Ga shi a hannuna."

"To wa yake sha?"

Ya dubi mita, ya dubi wayar da ke hannunsa, ya dube ni. Na kama hannunsa na kai mitar kan wayar tsohon batir, sannan na ɗora tafinsa a jikin batirin. Ya janye da sauri. Daga nan na cire hula, na je gaban Mama na durƙusa, abin da ban yi ba tun ranar da na zo neman auren uwarku. Na faɗi komai: gargaɗin Alhajin Gwarinpa, ƙarƙashin matakala, sabulu, tsumma, mai. Na ce ɗaya na saya, kunya ta hana ni kawo ɗaya. Kuma tun da an fara, na tashi na ƙarasa. Na mayar da wayar Saratu, na auna ƙarfin wuta a bakin batir, goma sha biyu da ɗoriya. Muka ɗunguma har ɗakinta na auna a bakin ƙwanta, goma da ɗoriya. Na ce bolt biyun nan siririyar wayar da na ja mata ce take cinyewa a hanya. Wato matar da ake cewa ta fi kowa sha, ita ce ko rabonta ba ya isa gare ta.

Ni dai ina jiran a ce in kwashe kayana. Sai na ji wani sauti daga wajen Mama, na zaci kuka ne. Ashe dariya ce. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, har zaninta na kai ya zame, tana nuna ni da yatsa.

"Ka wanke shi da sabulu? Kai, inlo, surukina! Ka kawo mana baƙo biyu, ɗaya yana noma, ɗaya yana ci. Da ka kawo ɗaya, wa zai kashe ka?"

Shi ke nan kowa ya fashe. Uwarku ta fi kowa, har da zama a ƙasa. Bawa ne kawai bai yi dariya ba. Ya ajiye filaya, ya taka har gaban Saratu, ya yi mata magana da yarensu a hankali, ban ji me ya ce ba. Na dai ga ya sunkuya ya ɗauki jakunkunan nan biyu-biyu ya mayar cikin ɗaki da kansa. Saratu ta rufe fuska da gefen zani. Da Mama ta nemi a kawo mata tuwon da ta ƙi ci da safe, na ji wani sanyi a raina da ban taɓa ji ba a duk shekarun da ake ce mini Injiniya.

Abin bai tafi a banza ba. Sabon batirin ma ya jigata, bai ƙara komawa yadda yake ba, dole na koma Gwarinpa. Alhajin ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya ce, "Ai na bar wa masu shi." Na haɗiye. Na sayi waya mai kauri na koma na canza ta Saratu. Da aka kunna ƙwanta da magariba ta tsaya tsakiyar ɗaki tana juyawa, ta ce ashe bangon nan shuɗi ne, kuma ashe yana da yanar gizo haka. Labari kuwa ya riga ni isa Garki, don uwarku da Madam Ronke ba su iya riƙe abu mai daɗi. A masallaci na roƙi liman ya daina kirana da sunan, ya ce baki ya riga ya saba. Na ci gaba da hawa bene wurin Madam har shekara ta zagayo, kuma sai bayan nan na fara sanin abin da nake taɓawa.

Yaran nan uku su ne 'yan'uwan da kuka yi wasan ƙasa da su duk hutu, su ne suka riƙe kakarku har ta cika a hannun Saratu. Minti biyu da sifana ne tsakaninku da rashin saninsu. Don haka in kun je Tungan Maje kuka ji an ce ga 'ya'yan Mai Batir, kada ku ɓata fuska, ku amsa da ƙarfi. Injiniya aro na yi na sa shekara da shekaru. Mai Batir kuwa nawa ne, a durƙushe na karɓe shi.